Rogue: Wasan Da Ba Ya Yafe Kuskure

A cikin shekarar 1980 ne waɗansu samari biyu, Michael Toy da Glenn Wichman, 'yan Jami'ar Kalifoniya da ke garin Santa Cruz a ƙasar Amurka, suka ƙago wani wasan kwamfuta suka raɗa masa suna Rogue. Abin da ya dame su kuwa shi ne, wasannin da ake da su a lokacin, da zarar mutum ya ci su sau ɗaya shi ke nan, ya san kowace ƙofa da kowane lungu, ba sauran daɗi. Su kuwa so suke su yi wasan da ko su da suka tsara shi ba za su san abin da ke gabansu ba. Daga baya Ken Arnold na Berkeley ya sa hannu cikin aikin, wasan ya bazu a jami'o'i tare da tsarin kwamfuta da ake kira Unix.

Wanda ya fara ganin wasan nan zai yi mamakin abin da ke riƙe mutane a kansa. Babu hoto, babu kiɗa. Ɗan wasa alamar @ ce kawai a kan allo, dodanni kuwa haruffa ne daga A zuwa Z. Aikinsa shi ne ya riƙa sauka cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, har ya kai hawa na 26 inda aka ajiye wata laya mai suna Yendor, sa'an nan ya hauro da ita da ransa.

Asirin wasan yana cikin dokoki biyu. Ta farko ita ce, duk lokacin da aka fara sabon wasa kwamfuta takan sake ginin kurkukun ɗungum. Ɗakuna da hanyoyi da tarkuna da wurin da dukiya take duk sukan canja. Hatta kwalaben magani da mutum kan tsinta ba a rubuta musu suna, sai dai launi. Jan magani da ya warkar da shi jiya, yau yana iya makantar da shi. Sulken da ya tsinta ya saka yana iya zama mai sammu, ya ƙi fita daga jikinsa. Saboda haka hadda ba ta da amfani, sai lura da dabara.

Doka ta biyu ita ce ta fi zafi, watau wanda ya mutu ya mutu. Ba a komawa baya a gyara kuskure. Kwamfuta takan zana masa kabari da sunansa da abin da ya kashe shi da yawan zinariyar da ya tara, sa'an nan ya koma hawa na farko hannu banza. Wannan ne ya sa kowane taku yake da nauyi. Mutumin da ya yi awa uku yana tara makamai, in ya hangi zinariya a bayan dodo, dole ya tsaya ya tambayi kansa ko ta isa a sayar da rai a kanta. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, kuma shi ne ya kashe 'yan wasa da dama.

Har wa yau wasan ba na saurin hannu ba ne. Kamar dara yake, dodanni ba sa motsi sai ɗan wasa ya motsa, don haka yana da damar yin tunani iyakar son ransa. Amma fa abinci kaɗan ne, in ya yi ta yawo a hawa ɗaya don tsoro, yunwa ce za ta gama da shi. Tilas ya ci gaba da sauka.

To, me mutum ke ƙaruwa da shi in kullum mutuwa yake yi? Sani. Takobi da zinariya suna tafiya da mamacin, amma abin da ɗan wasa ya koya yana nan tare da shi: wane dodo ake guje wa, yaushe ake shan maganin da ba a sani ba, yaushe ake neman matakala. Ran da ya wuce inda ya saba faɗuwa, ya tabbata hankalinsa ne ya kai shi.

Wasannin da suka bi wannan tafarki suna da yawa, shi ya sa ake kiransu masu kama da Rogue. Akwai NetHack na 1987 da Angband na 1990 da Spelunky na 2008. Hades na 2020 kuwa ya zo da hotuna da kiɗa, ya kuma sassauta, domin ɗan wasa yakan tsira da wani abu na ƙarfinsa bayan mutuwa, abin da ya sa tsofaffin hannu ke gardamar ko ya cancanci sunan. Mai wayar hannu da ke son ɗanɗana na gargajiya yana iya neman Shattered Pixel Dungeon na 2014, ya kuma shirya wa mutuwa da yawa kafin ya ga hawa na biyar.