Tafiyar Ƙungiya Ta Farko: A Gama Lissafi Kafin A Hau Mota

Da an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara kaɗawa, ƙungiyoyin matasa a Dabawa da Dutsin-Ma da Kurfi sukan tayar da maganar fita yawon buɗe ido: tsofaffin ɗaliban aji ɗaya, 'yan ƙungiyar ƙwallo, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Yankari ba ta rasa shiga cikin wuraren da ake ambata. Sau da yawa maganar takan mutu a WhatsApp, in kuwa an samu an tafi, a dawo wani ba ya gaida wani. Mutane sukan ɗora laifin kan talauci ko tsadar mai. A ganina matsalar ta fi wannan kusa da mu: ana tashi da kuɗin mota kaɗai a ka, sauran a bar wa “in mun je ma gani”. Tafiyar taro, musamman ta waɗanda ba su taɓa yi ba, a gida ake gama biyan kuɗinta tun kafin direba ya tayar da mota.

A dubi Yankarin da kyau. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina. Amma daga Dutsin-Ma sai an bi ta Kano, daga Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki fiye da 100, ciki har da kimanin 40 da ake yi bayan an wuce ƙofar dajin. Wuni guda ke nan a hanya, don haka babu makawa sai an kwana biyu. Nan ne kuɗaɗen da ba a ambata ba suke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuɗin shiga na kowane mutum, da na ɗaki, da na motar zagaya daji tare da ma'aikacin da zai yi rakiya, tunda ba a shiga wurin giwaye da ɓauna gaba gaɗi. Direban shata ma zai ci, zai kwana, kuma in ba a yi magana ba tun a tasha, a Bauchi za a fara gardamar wanda zai zuba man dawowa. Hatta guzuri yana da asararsa, domin biran sansanin Wikki sun saba da mutane, ledar burodi ko ƙullin dambun nama da aka ajiye a bakin taga ba ya daɗewa. Haka abin yake ko a ƙasashen Turai: masu zuwa koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Faransa ko Ostiriya sukan tarar kuɗin jirgi somin taɓi ne, ga tikitin na'urar hawa dutse, ga hayar takalma da sanduna, ga ladan mai koyarwa da inshora. Sabon shiga ko'ina yake, kuɗin zuwa yake gani, ba ya ganin kuɗin zama.

Maganin ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su tashi a tarwatse ba. Akwai madugu mai yanke shawara, da jagaba wanda ya san hanya da zango, da uban dawaki mai tara abin da za a biya na fito da kuɗin wucewa. Ƙungiyar mutum 18 da za ta cika bas ɗaya tana bukatar waɗannan ukun. Jagaban yau shi ne zai buga waya ya ji farashin ɗaki da na ƙofa daga bakin masu wurin, a makon da ake lissafi, ba abin da wani ya biya shekaru uku da suka wuce ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsohon farashi ya daina zama hujja. Ma'aji kuma ya buɗe littafi, suna a hagu, zubi a dama, kowane mako ya ɗauki hoton shafin ya tura kowa ya gani. Zubin adashe na wata uku ko huɗu ya fi a ce kowa ya kawo a dunƙule ana gobe tafiya. Hukumar Alhazai ta ƙasa ma wannan dabarar ta bi lokacin da ta ƙaddamar da shirin adashin gata tare da bankin Jaiz a 2020. A kan jimillar kuwa a ɗora aƙalla kashi 10 cikin 100 don faci da magani da abin da ba a zata ba, in bai taɓu ba a raba wa masu shi.

Za a ce wannan ai rashin yarda ne, 'yan'uwa da abokai ba a yi musu rubutu. Ƙorafin yana da tushe, domin kunya da kara suna cikin abin da ke riƙe zumuncinmu. Sai dai a duba wanda rashin rubutun yake cuta. Mai hali in kuɗi ya yanke a hanya hannu kawai zai sa a aljihu. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne zai ce ya ƙoshi alhali bai karya ba, ko ya karɓi rancen da zai hana shi sakewa a majalisa har damina. Lissafin da aka yi a fili shi ne yake rufa masa asiri, don ya san abin da ke gabansa, ya shiga da ƙarfin zuciya ko ya janye cikin mutunci. Saboda haka ma ya kamata a auna tafiyar da aljihun mafi rauni a cikin ƙungiya. In ɗakin mutum huɗu shi ne kowa zai iya, a kama shi, mai son na shi kaɗai ya cika daga nasa. A kuma yanke tun farko abin da za a yi da kuɗin wanda ya fasa bayan an biya kafin alƙalamin mota, don wannan ce rigimar da ta fi raba abokai.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: a yankin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Kurfi da Safana da Dutsin-Ma, wa ke maganar shaƙatawa? Ba wanda zai raina wannan tambaya, kuma in hanya ba ta da kyau a lokacin, ɗage tafiyar shi ne daidai. Amma tsaron ma yana da nasa gurbi a kasafi. Ƙungiyar da ba ta tanadi kuɗin ƙarin kwana ba ita ce takan kamo hanyar gida da la'asar, dare ya riske ta a inda bai kamata ba. Wadda ta tanada sai ta kwana a Kano, ta tashi da hantsi. Tsohuwar mota mai araha da za ta mutu a daji ma ba sauƙi ba ce.

Ba kuma dole ne a fara da nesa ba. Ƙungiyar da ba ta taɓa fita tare ba ta gwada kanta da tafiyar wuni ɗaya zuwa Hasumiyar Gobarau da gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina, ko rijiyar Kusugu a Daura, a je a dawo kafin magariba. A nan za a gane mai makara, da mai riƙon amana, da direban da za a sake nema. Masu niyyar Yankari kuwa su sani da rani dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji, daga wajajen Janairu zuwa Afrilu, don haka wanda ke son ganin giwa, ya buɗe littafin zubi tun da kaka, lokacin da kuɗin gero da wake ke hannu.