Teburin Mai Shayi da Gidan Shayin Zamani a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san da wuya a sami unguwa, ko tashar mota, ko bakin kasuwa, inda babu teburin mai shayi. Saboda yawan ganinsa, har jama'a sun ɗauke shi tamkar tsohuwar sana'ar gado irin su ƙira da jima da dukanci, musamman ma yanzu da aka sami waɗansu sababbin wuraren shan shayi da ake kira na zamani. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda shayi ya shigo Kano, da yadda teburin yake, da kuma abin da ya bambanta shi da gidajen zamani. Mai karatu zai ga cewa wanda ake kira na gargajiyar shi ma baƙo ne, sai dai baƙon da ya sami wurin zama domin ya biya wa jama'a wata bukata.

Asalin Shayi da Hanyoyin Shigowarsa

Asalin ganyen shayi daga ƙasar Sin ne. A Hausa kuwa muna da kalmomi biyu da muke kiransa da su, watau "shayi" da "ti", kowace kuma tana nuna hanyar da ya biyo. "Shayi" ararriya ce daga Larabci, "ti" kuwa daga Ingilishi.

Hanya ta farko ita ce ta Sahara. Tun tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Ingila suka riƙa sauke koren ganyen shayi na Sin mai yawa a tashoshin jiragen ruwan Maroko, daga nan ayarin raƙuma suka yi ta ratsa hamada da shi, har sannu a hankali ya zama abin shan Larabawan Sahara da Abzinawa, waɗanda aka fi sani da Buzaye. Kano kuwa daɗaɗɗen zangon wannan fatauci ce. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), Larabawan Gadamas da na Tarabulus kuma sun daɗe da zama a Dandalin Turawa. Irin wannan shayi shi ne ake dafawa a 'yar ƙaramar buta bisa gawayi, a sha a 'yan ƙananan kofunan gilashi har sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Ya ƙara yaɗuwa cikin gari bayan farin 1973 da 1974, sa'ad da Buzaye da yawa suka shigo Kano suka kama aikin gadi.

Hanya ta biyu ita ce ta teku da jirgin ƙasa. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, hanyar jirgi kuma ta iso a 1911. Ta nan ne kantunan Turawa suka cika da baƙin ganyen shayi na Indiya da Silon, da sukari, da madarar gwangwani, da fulawa. Wannan haɗin, watau ti da madara da burodi, shi ne ya haifi teburin da muka sani a yau.

Kafin haka Bahaushe da koko da ƙosai, ko kunu, ko ɗumamen tuwo yake karya kumallo, kuma daga cikin gida suke fitowa. To, cinikin gyaɗa, da bunƙasar Fagge da Sabon Gari, sa'an nan daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa, sun tara ɗimbin maza waɗanda suka baro iyalansu a ƙauye. Leburan da zai fita da asuba ba shi da mai dama masa kunu. Wannan giɓi shi ne mai shayi ya cike.

Yadda Teburin Yake

Kayan aikin mai shayi ba su da yawa. Akwai dogon teburi da bencina biyu ko uku, da babbar tukunya ko buta a kan gawayi, ko risho, ko gas a yanzu, da kaskon suyar ƙwai. A kan teburin ake jera gwangwanayen madara da Bournvita da Milo da Nescafé, a gefe guda kuma a tsara burodi hawa-hawa kamar gini. Lokacin cinikinsa biyu ne, daga sallar asuba zuwa hantsi, sa'an nan daga magariba zuwa tsakar dare.

Sana'ar tana da kalmominta, waɗanda ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da su. Wanda ya ce a yi masa "haɗin kauri" yana nufin a cika madara da Bournvita. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya sha "ruwan bunu", watau shayi tsura ba madara, suna ne kuma na raha, domin bunu shi ne tsohuwar ciyawar jinka da ta yi baƙi. In shayi ya yi zafi sai mai shayi ya sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, yana ɗaga hannu sama ba ko ɗigo a ƙasa, kamar dai yadda mata ke sheƙa hatsi. Har wa yau akan dafa ruwan da citta da kanumfari da masoro, watau kayan yajin da Bahaushe ya saba sa wa kununsa. Ta haka ne baƙon abu ya ɗauki ɗanɗanon gida.

Teburin kuwa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987 burodi ya yi tsada, har aka ɗage hanin a 1992. A shekarun 1990 ne madarar gari ta ƙaramar leda da taliyar Indomie suka hau teburin, har yanzu kuma taliya da ƙwai na cikin abin da ya fi kawo wa mai shayi ciniki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa masu shayi da yawa suka koyi karɓar kuɗi ta waya.

Teburi a Matsayin Majalisa

Abin da ya fi muhimmanci ga teburin shi ne zaman da ake yi a kansa. Benci ɗaya yakan ɗauki direba da ɗan dako da malamin makaranta da ɗan kasuwar Kantin Kwari, kafaɗa da kafaɗa, kuma ba a tambayar kowa asalinsa. Wanda ba shi da ko anini ma yakan zauna a ƙarshen benci ya saurari rediyo, ya tsoma baki cikin gardamar siyasa ko ta ƙwallo, ba mai korarsa. Mai shayi kuma ya san mutanensa. Ya san haɗin kowa ba sai an faɗa ba, yana ba da bashi zuwa ƙarshen wata, yana riƙe ajiyar mabuɗi da saƙo, baƙo kuma wurinsa yake tambayar gidan da yake nema.

Amma fa zaman yana da nasa aibi. Saboda yawan jita-jita ne Hausawa ke kiran duk maganar da ba ta da tushe "labarin teburin mai shayi". Bugu da ƙari, akwai ƙarancin tsabta, domin sau da yawa ruwa ɗaya ake ɗauraye kofuna da shi tun safe. Sa'an nan majalisar ta maza ce zalla. Mace ba ta zama a benci, sai dai ta aiki yaro da kwano.

Gidajen Shayi na Zamani

Sababbin wuraren iri biyu ne. Akwai masu shimfiɗa darduma a fili da dare, suna sayar da shayin kayan ƙamshi, da na'a-na'a da kirfa da zuma, tare da gahawa da dabino. Akwai kuma gidaje sosai, galibi a sababbin unguwanni da manyan tituna na wajen ganuwa, masu kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, da takardar da aka rubuta kowane irin shayi da kuɗinsa, da wurin cajin waya da intanet. Yawan zuwa Hajji da Umra da fataucin Dubai ya taimaka wajen kawo wannan tsari, don haka za a iya cewa shayin Larabawa ne ya sake shigowa, wannan karon ta jirgin sama.

Waɗannan gidaje sun gyara abubuwa biyu da teburi ya kasa. Na ɗaya tsabta, na biyu kuwa mata da iyali suna iya shiga su zauna cikin mutunci. Sai dai tsarin zaman ya sāke. Kowa da teburinsa da abokan da ya zo da su, mai kawo shayin ma'aikaci ne da bai san sunanka ba, bashi kuwa babu. Kuɗin kofi ɗaya kuma shi kansa ƙofa ne, domin ɗan dako ba zai tunkare shi ba. A teburi mutum yakan tarar da jama'a, a gidan zamani kuwa sai ya zo da tasa.

Kammalawa

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma shayi ya zo baƙo ya zama kaba, saboda ya ciyar da wanda ba shi da mai dafa masa, ya kuma ba shi wurin zama cikin mutane. Gidajen zamani ba za su kashe teburi ba muddin akwai masu fita nema da asuba. Abin da ya fi yi masa barazana shi ne tsadar madara da ƙwai da burodi, wadda ta tsananta bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. In haɗin kauri ya gagari talaka, majalisar ma raguwa za ta yi, garin kuma zai yi hasarar ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mai shi da marashi ke zama tare. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu je mu tattara kalmomin wannan sana'a da tarihinta daga bakin tsofaffin masu ita tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.