Fataken Sama Sun Rasa Zangonsu A Khartum

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a bakin iyaka yana jiran a buɗe ƙofa, ya san darajar masauki. To, akwai wasu fataken da ke ratsa ƙasashe ba fasfo ba takardar kwastan, amma su ma ba su iya tafiya sai da zango. Waɗannan su ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai da Asiya da zarar sanyi ya kama can, su biyo kogin Nilu wajen watan Satumba da Oktoba, sannan su juya gida a Maris da Afrilu.

Mu da muke zaune a Kalakla, a kudancin Khartum, a bakin hanyarsu muke. Kudu da mu akwai madatsar ruwa ta Jabal Auliya da aka kammala a 1937, inda ƙwasaƙwasa da zalɓe ke kamun kifi. Arewa da mu kuma, dab da Mugran inda Farin Nilu ke haɗuwa da Shuɗin Nilu, nan dajin Sunut yake. Sunut ba wata baƙuwar bishiya ba ce, bagaruwa ce tamu da majema ke amfani da 'ya'yanta. An keɓe dajin tun shekarun 1930, kuma kowace damina ruwa kan malale shi, idan ya janye sai ya bar taɓo mai cike da abincin tsuntsaye.

Kafin yaƙi, nan ne ɗaliban jami'a da masu sha'awar tsuntsaye kan je da tabarau mai hangen nesa da ɗan littafin rubutu. Mai karatu zai iya cewa wannan aikin marasa aikin yi ne, amma a duniya har gasa ake yi a kai. Tun 2015 wata cibiya a Jami'ar Cornell ta Amurka ke ware rana guda a watan Mayu, daga baya ta ƙara wata a Oktoba, inda jama'a ke fita rukuni-rukuni. Ƙa'idar ba wuya: cikin awa 24, kowane rukuni ya rubuta ire-iren tsuntsayen da ya gani da ido ko ya shaida kukansu, ya tura ta manhajar eBird. Ba kamawa, ba harbi, ba taɓa sheƙa. Gwaninta ita ce yawan iri, don haka balbela ɗari da balbela ɗaya duk lamba guda ce.

Amfanin abin ya wuce wasa. Kamar yadda mai shago ba ya gane ya ci riba ko ya faɗi sai ya duba littafinsa na bara, haka masana ba su gane wane tsuntsu ke ƙarewa sai an ƙidaya shekara da shekara a wuri guda. Da irin wannan lissafi aka gano ungulun da muka saba gani a mahauta ta ragu ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai guba da kuma cinikin kawunanta da ake tsallakawa da su daga wannan kasuwa zuwa waccan. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin inda babu ungulu, mushe kan daɗe a fili, karnuka da ƙudaje su yi ta shagali.

A Khartum kuwa littafin ya tsaya ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke. Gidan adana halittu na Jami'ar Khartum ya lalace, dabbobin da ke ciki suka mutu. Da gas ɗin girki da wutar lantarki suka yanke, sai gatari ya koma kan dajin Sunut, aka yi ta sara ana itace da gawayi. Bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris 2025, waɗanda suka dawo sun tarar da kututture a inda suka bar inuwa. Ba mu zargin uwar da ta nemi abin dafa wa 'ya'yanta asida, amma wanda ya loda buhunan gawayi a mota don riba, ya san abin da ya yi.

Tsuntsu dai bai san an yi yaƙi ba, lokacinsa na yi zai zo. Shamuwa, wadda 'yan Sudan ke kira simbiriyya, har gobe ita ke yi wa manomin Katsina da na Maiurno albishir ɗin damina. Abin tambaya shi ne, idan baƙo ya iso, ina zai sauka?

Ranakun da ke tafe sanannu ne. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba kuma su ne ranakun tsuntsaye masu ƙaura. Ba sai mutum na Khartum ba: na Nijeriya na da fadamun Haɗeja da Nguru, na Maraɗi na da tafkin Madarunfa. Mutum uku da wayar salula da wanda ya san sunayen tsuntsaye da Hausa sun isa rukuni, kuma sau da yawa masunci ko makiyayi ya fi ɗan boko ido.

Kiranmu ga shugabannin kasuwa shi ne su hana cinikin ungulu a rumfunansu, masu sayen gawayi kuma su riƙa tambayar daga ina ya fito. Mu nan Kalakla, bagaruwa ba ta da wuyar tsiro, 'ya'yanta na nan zube a bakin kogi. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka a ƙasa sun samu masauki a wannan ƙasar, har da yawansu suka zauna. Bai dace a ce a zamaninmu ne baƙo ya zo ya rasa wurin sauka ba. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.