Ka shiga Kano sau goma, amma ka taɓa leƙa Gidan Makama?

In ɗan Gumel ko Maigatari ya ce zai shiga Kano, kowa ya san jadawalin. A sauka 'Yankaba, a wuce Farm Centre gyaran waya, a leƙa Kwari a yanki yadi, in da sauran canji a shiga Ado Bayero Mall a ɗauki hoton ɗorawa a Instagram. Kafin magariba an kamo hanyar Gujungu. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, har ranar da mai gyaran waya ya ce in dawo bayan awa uku. Aljihu ba nauyi, ba inda zan zauna, sai na hau adaidaita zuwa Gidan Makama.

Gidan yana cikin birni, daura da fadar sarki. An gina shi tun ƙarni na 15 saboda Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yau kuma gidan adana kayan tarihi ne. Gaskiya ba kyauta ba ne ɗungurungum, ana karɓar ɗan kuɗin shiga, amma bai kai abin da muke ƙonawa a data cikin mako ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai gidan gumaka ne. Ni ma da wannan tunanin na shiga. Abin da na tarar shi ne ƙyamaren ƙarfe na tsoffin ƙofofin gari, sulke da lifidi na mayaƙa, alluna da rubutun hannu na malamai, tsoffin hotunan Kano na lokacin da Turawa suka ci garin a 1903, da ɗakin amarya an yi masa jere irin na kakanninmu. Amma abin da ya fi tsayar da ni ginin ne kansa. Ka ɗaga kai ka ga daurin guga: azara da ƙasa kawai, ba siminti ba rodi, an lanƙwasa su sun haɗu a tsakiya sun riƙe rufi. Ga zayyana a bango, ga zankwaye a saman soro. Irin wannan ginin ne fa muke rushewa a garuruwanmu muna sa bulo, sannan zafi ya zo mu kwana a waje muna zagin masu wuta.

Wanda ba ya son kashe ko sisi, ga marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Kallon yadda ake tsoma ƙyalle a baba kyauta ne. Sai dai wurin sana'ar mutane ne, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya, in an zagaya da kai ka ba da na goro.

Samarinmu da ke bin motocin shanu daga kasuwar Alhamis ta Maigatari zuwa Legas ma suna da nasu rabon. A Lekki akwai Nike Art Gallery, bene mai hawa-hawa cike da dubban zane-zane da sassaƙa, kuma shiga kyauta ce. Mai wurin, Nike Davies-Okundaye, da rinin adire na Yarbawa ta yi suna, wanda shi ma da baba ake yin sa. Kuɗin mota daga Agege ne kawai zai ɗan ciji mutum. Masu karatu a Landan kuwa ba su da uzuri, domin British Museum ba a biyan kuɗin shiga, kuma a can ne ake ajiye da yawa daga kayan tagullar da sojojin Ingila suka kwashe daga Benin a 1897.

Da na karɓi wayata, washegari na koma na ɗauki hoton daurin gugan nan. Na nuna wa wani tsohon magini a Sule Tankarkar, ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga faɗa mini sunan kowane sashe ɗaya bayan ɗaya. Ya ce rabon da wani ya kira shi irin wannan aiki har ya manta, kuma a cikin 'ya'yansa babu wanda ya koya.