Tarihin burauza ba taskar ilmi ba ne

Tun da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana, a watan Mayu na 2024, cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan intanet da ake iya buɗewa a 2013 sun ɓace a cikin shekara goma, ake jin samari a unguwar Gwange ta Maiduguri, musamman ɗalibai masu neman darasi a waya, suna cewa abin bai shafe su ba, tun da duk shafin da suka taɓa ziyarta yana nan a tarihin burauzarsu. Wannan zato kuskure ne babba.

Komawa shafin da aka bari ba shi da wuya: a Chrome mutum ya taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama ya zaɓi tarihi, a kwamfuta kuwa ya danna Ctrl da H. Amma abin da jerin yake riƙewa suna ne da adireshi kurum, shi ma na kwana 90. Idan mai shafin ya share shi, adireshin zai kai ka ne ƙofar gidan da aka riga aka rushe.

Malaman Barno na dā, Allah Ya jiƙan su, ba su taɓa wadatuwa da sanin inda littafi yake ba. Almajiri in ya sami kitabi a hannun shehinsa, sai ya fere alƙalami, ya dama tawada, ya kwafe shi warƙa bayan warƙa, yana cusa sharhi a tsakanin layuka da gefen takarda, domin ya san wuta da gara da yaƙi ba su jin roƙo. Albarkacin wannan himma ne tarihin yaƙoƙin Mai Idris Alooma, wanda limaminsa Ahmad bn Fartuwa ya fara rubutawa a 1576, ya tsira har Baturen matafiyi Heinrich Barth ya sami kwafinsa a Kukawa a farkon shekarun 1850, alhali birnin Ngazargamu kansa, inda fadar Mai take, ya daɗe da zama kufai.

Mu fa? Ranar 10 ga Satumba 2024, bayan da madatsar Alau ta ɓalle kamar yadda ta yi a 1994, ruwan kogin Ngadda ya mamaye Gwange ya lalata takardu da wayoyi, kuma shaidar wannan musiba, daga sanarwar hukuma zuwa hotunan da jama'a suka ɗauka, tana warwatse a shafukan da babu wanda ya yi alkawarin kiyaye su. Ga kuwa Wayback Machine, na ma'ajiyar Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana karɓar adireshin shafi ya adana kwafinsa kyauta.

Ya kamata Jami'ar Maiduguri da gwamnatin jihar Barno su ɗora wa wasu ma'aikata aikin adana waɗannan shafuka tun yau. Kai kuma mai karatu, shafin da ka san za ka nema gobe, sauke shi ka ajiye kafin ka rufe waya.