Waya a Gonar Rani: Yadda Sadarwa Ta Sauya Kasuwar Kura

Wanda duk ya tsaya a Kwanar Gafan, kan hanyar Kano zuwa Zariya, lokacin da tumatir ke kan ganiyarsa, zai ga kwanduna jere, dillalai kowa da waya a kunne. Kafin a yi wa mota lodi, an riga an ji yadda kasuwa ta kwana a Mile 12 ta Legas.

Da ba haka abin yake ba. Ruwan madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, shi ya mai da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani, amma manomi ya daɗe yana ciniki cikin duhu. Abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Layukan wayar tarho na kamfanin NITEL a lokacin ba su kai rabin miliyan ba a duk Najeriya. A 2001 hukumar NCC ta ba da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki, sannan a 2003 Glo ta kawo cajin kira da daƙiƙa, talaka ya samu shiga.

Daga nan waya ta zama kayan aikin gona, tamkar fartanya da injin ban-ruwa. A 2012 gwamnatin tarayya ta soma sanar da manoma rabon taki mai rangwame ta saƙon tes. Da takardun kuɗi suka yi ƙaranci a farkon 2023, masu casar shinkafa da 'yan sari suka koma ga taransifa da masu POS.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Turakun sadarwa galibi da man gas suke aiki saboda rashin wutar lantarki, kuma kamfanoni sun fi zuba jari a birane, inda riba take. A Janairun 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Idan sabis ya ɗauke, kuɗi suka maƙale, tumatir ba ya jira, ruɓewa yake yi.

Manomin Kura ya san cewa ba a yabon magudanar ruwa sai ta kai gonar ƙarshe. Da wannan ma'auni ya kamata hukuma da kamfanoni su auna intanet ɗin da suke kai wa karkara.