Kowane Lokaci da Cimarsa da Maganinsa

Masu iya magana kan ce, "Lafiya uwar jiki." Duk wanda ya lura da tallan da ake yi a bakin titin Wulari zai ga kayan farantin na sauyawa da sauyin yanayi. Wannan maƙala za ta bi lokutan shekara guda huɗu, ta nuna cimar kowanne da maganinsa, da kuma inda amfanin maganin gida ya tsaya.

Bazara: Daga Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Jiki na zubar da ruwa ta hanyar gumi, shi ya sa ake yawaita shan zoɓo, jiƙon tsamiya, kunun zaƙi da kankana. Sai dai lokacin sanƙarau ke nan, cutar da ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996. Ita kam ba ta jin jiƙo, sai allurar rigakafi da hanzarta zuwa asibiti.

Damina: Daga Yuni zuwa Satumba hatsin rumbu kan ja baya, amma ganye ya wadata. Zogale, rama, tafasa da yaɗiya ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ganyen na ƙara jini, ƙuli-ƙulin na gina jiki. Sauro ma a nan yake yawa, mutane kan dafa ganyen darbejiya, wadda ta cika titunan Maiduguri, su yi sirace. Abin lura, daga wani tsiro dangin tazargade aka samo sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙon ganyen a madadin ƙwaya ba, domin ba shi da ma'auni. Haka kuma, kwalarar da ta biyo bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta tuna mana muhimmancin tsabtataccen ruwa da ruwan gishiri da sukari.

Kaka: A Oktoba da Nuwamba sabon gero, wake, gyaɗa da kabewa ke shigowa. A lokacin ne iyayenmu mata ke shanya kuɓewa, kuka da yakuwa domin miyar rani.

Hunturu: Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura da sanyi na kawo mura, tari da faso. Sai a koma ga shayin citta da kanumfari, da miya mai masoro da kimba, a shafa man kaɗanya. Tumatir da karas na lambu sukan yi araha, ga kuma masakwa, dawar ranin Borno, da ake girbewa a ƙarshensa. Kunun kanwa na ɗumama jiki, amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da ciwon zuciya ga masu jego.

A taƙaice, ya mai karatu, cin abin da lokaci ya kawo ya fi araha, ya kuma kare jiki. Amma in zazzaɓi ya kama yaro ko mai ciki, kada a tsaya dafa ganye. A je a yi gwaji.